Gidan da Ya Dogara da Famfo

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jan ruwa a rijiya ya san abin da ke faruwa idan aka jawo famfo. Makon farko murna ce: yara su yi ta kunnawa suna kashewa, uwar gida ta huta da kantar hannu. Kafin shekara ta zagayo igiya ta ruɓe, guga ya koma abin zuba wa awaki dusa, an rufe bakin rijiya da tsohon kwanon rufi an danne da dutse, randa kuma tana bayan ɗaki cike da tarkace. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a bar rijiya, sauƙi ne ya ɗauke hankali. Sai ranar da aka murɗa famfo ya yi tari ya furzo iska, sannan mutanen gida ke tuna cewa wanda ke sako ruwan yana can nesa, bai ma san an ɗora tukunya ba.

Abin da wayar hannu ta yi wa kasuwanci a Zamfara ke nan. Kafin zuwanta Najeriya a 2001, ɗan kasuwar hatsi a Gusau in yana son sanin yadda masara ta tashi a Tsafe ko Funtuwa, sai ya je tasha ya jira direban da ya dawo. Kuɗi a ɗaure su a ƙugu, ko a damƙa wa direba amana. Manomin da ya ɗauko wake daga ƙauyukan Bunguɗu kuwa, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi, don ba shi da wanda zai tambaya. Yau kafin ya ce "na sallama" sai ya koma gefe ya kira ɗan'uwansa a Dawanau ta Kano.

Waɗanda suka fi shan wannan ruwa, a ganina, mata ne. Matar aure a Tudun Wada ta ɗauki hoton atamfa ko turaren wuta ta ɗora a WhatsApp. Mai saye ta tura kuɗi, alat ya shigo, a kira mai keke ya kai kaya har ƙofar gida. Ba hayar shago, ba ɗora wa yarinya talla, ba ta kuma taka ko zaure ba. Shi ya sa ba na bin masu cewa zamanin da ya fi. Wanda ya sha jan ruwa da rani, guga na dawowa da rabin laka, ba ya yi wa rijiya kirari.

Ranar 3 ga Satumba 2021 aka ɗauke ruwan. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, jim kaɗan bayan sace ɗaliban sakandaren Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da infoma, a kuma toshe hanyar cinikin kuɗin fansa. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana fitar da dabbobi. Mako 2 aka ce da farko. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran jihar kuwa, har da Tsafe da Bunguɗu, sai ƙarshen Nuwamba.

A nan aka gane yadda igiya ta ruɓe. Mutum ya biya kuɗin mota daga Gusau, ya wuce Kwatarkwashi, ya wuce Tsafe, tafiyar da ta haura kilomita 100 a kan hanyar da kowa ke bi da addu'a, don kawai ya isa Funtuwa ya kunna waya. Ba ya tafiya shi kaɗai da buƙatarsa. A aljihunsa akwai takarda: lambar wane, a ce masa kaya su dakata, lambar wance, a faɗa mata an sauka lafiya, namiji ne. Ba a daɗe ba ita ma Funtuwar aka haɗa ta cikin ƙananan hukumomi 13 na Katsina da aka kashe wa sabis, tafiya ta ƙara tsawo zuwa Zariya. Masu POS suka naɗe lema suka shigar da tebur. Mai sayar da kati da data, da yaron da ke cajin waya da ɗan janareto, suka wayi gari ba sana'a. Wasiƙa ta dawo, saƙon baki ta hannun direba ya dawo, har ana rasuwa a yi jana'iza 'yan'uwa na nesa ba su ji ba. Ko matakin ya karya lagon 'yan bindiga, har yau ana gardama. Abin da ba gardama a kansa shi ne, ƙauyen da aka auka wa cikin waɗannan watanni ba shi da hanyar kiran ɗauki.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni aka juyo da abin ta ɗaya gefen. Wannan karon randar aka fasa, aka ce kowa ya nufi famfo. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adi, daga 31 ga Janairu aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu 2023, sababbin kuma ba su wadata ba. Tsabar kuɗi ta ɓace. Kowa ya danno taransifa lokaci guda, bututu ya yi kaɗan: an cire wa mai saye, ba ta shiga wa mai sayarwa ba, su biyun suna tsaye kowa na nuna wa ɗan'uwansa fuskar waya. Tsohuwar da ta kawo kaji daga ƙauye ba ta da asusu, ba ta ma da wayar, sai ta karyar ko ta koma da abinta. Zamfara na cikin jihohi 3 na farko da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, tare da Kaduna da Kogi, kuma ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara.

Sau biyu ke nan aka yanke hukunci daga sama kamar kowane gida bututu ya kai shi, kuma sau biyun ƙaramin mai neman abinci ne ya fi jin jiki. Babban ɗan kasuwa yana da mota, yana da manajan banki da ya san shi, yana da yaro a Kano. Mai ƙosai ba ta da ko ɗaya.

Wahalar 2023 ta bar ɗabi'a. Yanzu mai shayi da mai nama da mai kayan miya kowa ya rubuta lambar OPay ko Moniepoint ko PalmPay a jikin kwali ya rataye. Sun kuma koyi wayo bayan masu alat na bogi sun wanke wasu: ba a ɗaure kaya sai an buɗe asusu an ga kuɗin da ido. Ɗan kasuwar da ya ga 2021 da wuya ka same shi da layi ɗaya, kuma littafin bashi da ya so ya watsar ya koma ƙarƙashin kanta.

Mai POS kuwa shi ne ɗan garuwan wannan zamani. In famfo na zuba, nasa kaɗan ne. In ya ƙafe, kowa na roƙonsa, kamar yadda aka gani lokacin da sai ka bar naira 1,000 ko fiye kafin a miƙo maka 10,000. Ban cika ganin laifinsa ba, shi ma sayen tsabar yake yi a gidan mai ko wajen 'yan kasuwa. Sai dai ruwan famfo ba kyauta ba ne. Akwai naira 50 da gwamnati ke cira a kan taransifar da ta kai 10,000, kuma tun Disamba 2024 harajin ya haɗa da su OPay. A Janairu 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ga cajin mai POS, ga kuɗin cajin batir inda ba wutar lantarki. Dillalin da ke juya tirelar masara ba zai ko lura ba. Matar da ribarta ta wuni ba ta wuce kuɗin cefane ba, ita ke zama da daddare tana lissafin inda naira 200 ta shige.