Jirgin Feshi da Wayar Lantarki a Yammacin Zamfara

Duk wanda ke noman gero ko dawa ko shinkafa a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum ya san ɓarnar tsuntsun nan jan-baki. In garkensa ya sauka gona hatsi na nono, sai a wayi gari ba abin girbi. Saboda haka ne Ma'aikatar Gona ta Tarayya kan aiko da jirage su yi feshi a jihohin Zamfara da Sakkwato da Kabi. Akan yi irin wannan aiki da ƙaramin jirgi mai fiffike, ko da mai saukar ungulu, watau helikwafta.

To, ga inda haɗarin yake. Jan-baki ya fi taruwa wuri guda da almuru, sa'ad da ya koma makwancinsa cikin ƙayoyi da ciyayin fadama, kamar na bakin Gulbin Zamfara. Maganin da ake fesawa kuwa, in aka sake shi daga can sama, iska ke kwashewa. Tilas matuƙi ya yi ƙasa ƙwarai, ga rana ta faɗi, har ya zo daidai da wayoyin da ke kai wuta mai ƙarfin bolt 33,000 ko 11,000 daga gari zuwa gari.

Waya aba ce siririya, ido ba ya kama ta in akwai duhun itatuwa bayanta. Turaku matuƙi ke dubawa, su ke nuna masa inda ta bi. Amma inda ta ƙetare gulbi, turakun sun yi nisa da juna, tsakiyarta ta sauko, zafin rana kuma kan ƙara sako ta ƙasa. Da farfela ta taɓa ta, sai ta naɗe, jirgi ya rikito.

An yi dabaru iri iri. Akan rataya wa wayoyi ƙwallaye masu launi, a Kanada kuma aka ƙera wuƙaƙen da ake ɗaura wa jirgi don su datse waya. Duk da haka, baƙo ko da ido makaho ne. Wajibi ne masu feshi su zaga wurin da rana, su tambayi mai unguwa da manoma inda kowace waya ta ratsa, sa'an nan su sanar da kamfanin lantarki ya ɗauke wuta.

In kuwa waya ta tsinke ta faɗi, kada kowa ya matso kusa da mita 10, domin ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗauke da wuta. A kore yara da dabbobi, a aika wa hukuma.