Baƙin Mai Da Baƙar Laka: Ciwon Da Ke Kashe Tsofaffin Babura A Ƙasar Maradun

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara ranar da take ci, ya san cewa kafin ya kai ga rumfunan hatsi sai ya ratsa dandazon babura. Daga Maradun da Bakura da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori, a kan babur ake kawo buhun shinkafa, a kansa ake ɗaure akuya, a kansa kuma ake garzayawa da mai naƙuda asibiti. A tsakanin sababbin Bajaj da Daylong, mai lura zai hangi wasu 'yan tsiraru da suka ga jiya suka ga yau: Honda CG125, da Roadmaster, da ƙaramar Honda Cub, da Suzuki da Vespa. Wasunsu ragowar zamanin kuɗin Udoji ne na 1975, lokacin da malaman makaranta da akawuna suka samu abin hawa. Wasu kuma sun shigo bayan Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta Jihar Ogun a 1979. A ganina, mafi yawan waɗanda suka mutu daga cikinsu ba tsufa ya kashe su ba. Laka ce da ta taru a cikin inji.

Sana'ata nazarin harshe ce, don haka mai karatu zai yi mini uzuri in na fara da kalma. Man da ake zuba wa inji, sabonsa garai-garai yake kamar zuma, amma Bahaushe ya raɗa masa suna baƙin mai. Wato da kamanninsa na ƙarshe muka san shi, ba na farko ba. Saboda haka in mutum ya zaro sandar awo ya ga mai ya yi baƙi ƙirin, ba ya jin wata fargaba, ai sunansa ke nan. Haka kuma muna da kalmomi biyu da bakanike ba ya rikita su, amma mai babur yakan ɗauke su abu guda: juye da ciko. Juye shi ne a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a zuba sabo. Ciko kuwa ƙari ne a kan wanda ya ragu. Wanda ya shekara yana ciko ba juye, tamkar mai ƙara ruwa ne a randar da ba a taɓa wanke gindinta ba.

To, yaya lakar ke samuwa? Injin babur irin namu iska ce kaɗai ke sanyaya shi, kuma daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Zamfara yakan haura digiri 40. Zafi yana dafa mai, ya sa shi kauri. Ta gefen ringi da fistin kuma, musamman a tsohon inji da ya ci ya saki, hayaƙi da ɗanyen fetur da tururin ruwa suna sulalewa su gangara cikin mai. A ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga ta matatar iska da ta yage ko aka cire ta. Masu haɗa mai suna zuba masa sinadaran da ke riƙe wannan datti kada ya kwanta, sai dai sinadaran ƙarewa suke yi. Ranar da suka ƙare, dattin ya dunƙule ya kwanta a gindin inji kamar kwalta. Daga nan ya toshe 'yar rariyar da ke tace mai, ya cushe ƙananan hanyoyin da mai ke bi ya hau kan inji. Sai ka ji ana ƙwas-ƙwas a sama wajen bawul, sannan wata rana a ce inji ya buga. Manoman Bakolori ba sa bukatar dogon bayani a nan, domin sun ga yadda magudanan ruwan da aka gina tare da madatsar, wadda aka kammala a 1978, suka cushe da laka har ruwa ya kasa kai wa gonakin da ke can ƙarshe.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, saboda irin halinmu aka ƙera CG125. A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyinsa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Filifin da Pakistan, don su gano dalilin da ya sa baburansu ke saurin lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur iyali guda da kaya, ba a wanke matatar iska, kuma ana aiki da mai har sai ya zama kamar kunu. Suka koma Japan suka fito da CG125 a 1975, da inji mai sauƙin gyara da jure wahala, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan juriya ita ce ta yaudare mu. Mun ga babur yana tafiya duk da sakaci, muka ɗauka ba ya bukatar kulawa, alhali kuwa haƙuri yake yi, kuma haƙurin ƙarfe yana da iyaka.

Abin da ya kamata a yi ba shi da yawa, ba shi kuma da tsada idan aka kwatanta da sauke inji. Cikin CG125 bai wuce kimanin lita guda ba. A yi juye inji na da ɗumi, domin a lokacin ne mai ke gudu ya kwaso datti. A kwance murfin da ke ɓoye rariyar a wanke ta. Akwai kuma wata matata da ke bayan murfin gefen dama na injin, wadda ke juyawa da gudu tana wurga datti jikin bangonta. Tsofaffin bakanikai sun san ta, amma yaran da suka koyi aiki a gurguje ba kasafai suke buɗe ta ba, kuma na sha ganin an buɗe an tarar ta cika taf da baƙar ƙasa mai tauri. Littattafan kamfani suna ƙayyade wa'adin juye da kilomita, suna kuma gargaɗin a rage wa'adin inda ƙura ta yi yawa. Sai dai agogon tafiya na yawancin tsofaffin baburanmu ya daɗe da mutuwa. Shawarata ita ce a yi lissafi da ranar kasuwa: ɗan kabu-kabu da ke kan hanya kullum kada ya bari Talata uku ta wuce shi, mai hawa jefi-jefi kuma kada ya haura wata uku, ko da man bai ragu ba. Wanda tafiyarsa gajera ce, daga gida zuwa makaranta ko ofis da sanyin safiya, shi ma bai tsira ba, domin injinsa ba ya yin zafin da zai kori tururin ruwa, sai ya ga wani farin kumfa a jikin murfin mai.

Wani hanzari ba gudu ba, ba kowane tsohon babur ne wannan bayani ya shafa kai tsaye ba. Vespa da Suzuki A100 da Yamaha YB100 suna ƙona mansu ne tare da fetur, don haka nasu ciwon gawayi ne da ke toshe salansa da filogi. Amma su ma man giyarsu yana bukatar juye.

Sai batun irin man. A babur, mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci, shi ya sa wasu mayukan mota na zamani, masu sinadarin ƙara santsi, kan sa kuloci zamewa. Japanawa sun fito da ma'aunin JASO MA a 1998 saboda wannan matsala, kuma wanda ya ga wannan rubutu a jikin roba ya samu na babur. Lambar 20W-50 da aka saba gani ta dace da zafinmu da tsohon inji. Harafin W ɗin kuwa kaurin mai a lokacin sanyi yake nufi. Babban abin takaici shi ne man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin hanya, wanda ba wanda ya san asalinsa. Wani tsohon mai ne aka tace, wani kuma ɗanyen mai ne da ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba. Hukumar SON ta sha kama jabun mai a manyan birane, amma ban ga alamar wannan sintiri yana isa kasuwannin ƙauye yadda ya kamata ba. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 aljihu ya ƙara ƙuntata, kuma abin da talaka ya fara yankewa shi ne kuɗin juye. Arha kuwa, in ji masu iya magana, ba ta ado.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon bakanikanmu su bari, wato ɗura kananzir ko fetur a inji a tayar da shi wai don a wanke ciki. A injin da laka ta riga ta kama, wannan yana ɓamɓaro dunƙule-dunƙule ne su tafi su toshe hanyar da ta rage a buɗe. Gara a buɗe murfi a kankare da hannu, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa. Tsohon man da aka juye kuma kada a kwarara shi a magudana ko kusa da fadama, inda ruwan zai koma gonar shinkafa da kwarin Gulbin Sakkwato.

Mai karatu da ke zaune a Kaduna ko Abuja zai iya cewa wannan ƙaramar magana ce. Ba haka take ba ga mutumin Maradun. Yankin ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura da dare. A irin wannan ƙasa, injin da ya buga da la'asar sakaliya tsakanin gari da gari ba asarar kuɗi kaɗai yake jawo wa ba. Ma'aikacin lafiya da malamin firamare da manomi, da yawansu ba su da halin sayen sabo a farashin yau, tsohon nan shi ne ƙafarsu. Ina kira ga Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da ta haɗa kai da ƙungiyoyin bakanikai da na 'yan kabu-kabu, a shirya gajerun bita da Hausa, a kuma rubuta 'yar takarda mai shafi guda da za a liƙa a kowane gareji, ɗauke da ranar juye, da irin man da ya dace, da hoton inda rariyar nan take.