Hauhawar farashi ta "sauka", amma wa ya yi wa Tudun Jukun bayani?

A watan Fabrairun 2025 ne Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa hauhawar farashi a Najeriya ta koma kashi 24.48 cikin ɗari a Janairu, daga 34.80 a Disamban 2024.

Magidancin Tudun Jukun a Zariya da ya ji labarin a rediyo, ya nufi kasuwar Tudun Wada da zaton kaya sun yi araha, abu biyu ne ba a gaya masa ba. Hukumar ta sauya ma'auninta ne, ta mayar da shekarar da take ɗora lissafi a kai daga 2009 zuwa 2024. Sannan saukar hauhawa ba saukar farashi ba ce. Kaya na ci gaba da tsada, gudun tsadar ne ya ragu.

Bayyana wannan bambanci aiki ne da ya rataya a wuyan Babban Bankin Najeriya, CBN. A Nuwamban 2023 gwamnansa, Olayemi Cardoso, ya ce bankin zai koma tsarin ƙayyade adadin hauhawar da yake son cim ma, tsarin da ƙasar New Zealand ta fara a 1990.

Jigon tsarin shi ne yarda. Mai shagon da ya tabbata tsada za ta lafa ba zai yi gaggawar ƙara wa kwalin taliya kuɗi ba. Wanda kuwa bai yarda ba, ko bai ma ji ba, yau zai ƙara don gudun gobe, maƙwabcinsa ya bi sahu.

A 2024 kwamitin manufofin kuɗi na bankin ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5. Bayan kowane zama, akan karanta doguwar sanarwa da Turanci a Abuja, cike da kalmomin da ko malamin makaranta sai ya yi ta maimaitawa kafin ya kama zaren. Masu bankuna na Legas sun gane. Mai sayar da ƙosai a bakin titi ba da ita aka yi ba, alhali ita ma farashi take yankewa kullum safe.

Wasu ƙasashen sun lura da wannan giɓi. Idan hauhawa ta kauce wa kashi 2 da fiye da maki ɗaya, dole gwamnan Bankin Ingila ya rubuta wa ministan kuɗi buɗaɗɗiyar wasiƙa. Babban bankin Jamaika har da kiɗan rege ya bayyana wa jama'a manufarsa.

Kuma ba wai CBN bai san Hausa ba ne. A jikin takardar Naira dubu da ke aljihun magidancin nan, da ajami aka rubuta ƙimarta.