Notis Ba Hukuncin Kotu Ba Ne

Da daminar bara wani tela a unguwarmu ya dawo daga shago bayan Magariba, ya tarar an kware kwano biyu daga rufin ɗakinsa. Matarsa ta jera robobi a tsakar ɗaki suna tarar ruwa, an jingine katifa a bango, yara sun takure a lungu ɗaya. Laifinsa shi ne kuɗin haya ya wuce lokaci da wata biyu. Da na ce masa doka ba ta ba mai gida wannan ikon ba, sai ya ce, "Malam, ai gidansa ne. Ni wa zai tsaya mini?" Kwana uku bayan haka ya kwashe kayansa a kura.

Gidansa ne, gaskiya. Amma mallakar gida daban, ikon fitar da wanda ke ciki da ƙarfi daban. A Najeriya kotu kaɗai ke da wannan ikon. Cire rufi, sauya kwaɗo, yanke wuta ko ruwa don a ƙuntata wa ɗan haya, ko turo 'yan daba su watsar da kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma mai gidan da ya yi haka yana iya ƙarewa shi ke biyan diyya. Ko gwamnati ba a ƙyale ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Jihar Legas tatas saboda ta tura mutane ɗauke da makamai sun fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban alƙali.

Kowace jiha da dokar hayarta, amma tsarin kusan ɗaya ne. A Abuja, idan ba a rubuta wani wa'adi daban a yarjejeniya ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata wata guda, mai biya shekara-shekara kuma wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, wadda ke sanar da shi cewa za a kai shi kotu. Daga nan sai sammaci, sai zama, sai hukunci, kuma ma'aikatan kotu ne ke zartar da shi, ba dillali ba. A lura da wani tarko: wanda ya sa hannu a kan haya mai ƙayyadadden lokaci, misali shekara ɗaya cif, da lokacin ya ƙare ba lallai ne ya sami wata shidan nan ba, takardar kwana bakwai tana iya wadatarwa. Mutane da yawa ba sa karanta abin da suka sa wa hannu sai ranar da rigima ta tashi.

Caji ofis ma ba wurin karɓar haya ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Sai tambayar telan nan, wa zai tsaya masa. Tun 1976 akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya, wadda yanzu ke aiki da dokar 2011, da ofisoshi a jihohi. An kafa ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 a wata tun 2024. Kyauta ne aikinta. Sai dai kada in yi wa mai karatu romon baka: kuɗin da ake ware mata ba ya kai nauyin da ke kanta, lauyoyinta kaɗan ne, kuma yawancin ƙarfinsu yana tafiya ne kan mutanen da ke tsare a gidajen yari suna jiran shari'a. Lauya ɗaya zai fito da safe da tarin fayil a hammata, ya tsaya a kotu biyu ko uku kafin Azahar, wani lokaci kuɗin mota ma daga aljihunsa. Mutum irin wannan ba zai iya yi maka komai ba idan ka zo masa ranar da kayanka ke kan titi. Amma in ka je tun ranar da notis ya shigo hannunka, shawarar rabin awa ko wasiƙa ɗaya zuwa ga mai gida takan kashe wutar.

Akwai wasu ƙofofin. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimakon mata da yara, tsangayoyin shari'a na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da ofisoshin ba da shawara kyauta, kuma dokar 2011 ta sa sharaɗin cewa mai neman muƙamin SAN, wato babban lauya, sai ya nuna shari'o'in da ya yi wa marasa hali ba tare da karɓar ko sisi ba. Don haka roƙon babban lauya ba abin kunya ba ne, shi ma yana da buƙata.

Duk wannan bai yafe wa ɗan haya bashi ba. Alƙali zai sa ya biya har na kwanakin da ya ƙara a gidan, kuma ƙin amsa sammaci yana sa a yanke hukunci a bayan idonsa. Masu gida ma da yawa tsofaffi ne da zawarawa da hayar ɗaki biyu ke ciyar da su.

Abin da lauya zai fara tambayarka shi ne rasit. Telan namu shekara huɗu yana miƙa wa dillali kuɗi hannu da hannu, ba takarda, ba shaida. Da aka zo lissafi, dillalin ya ce bashin wata biyar ne.