RAƘUMIN RUWA DA DUTSEN MURJANI: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Game Da Bahar Maliya

Mu mutanen Gadarif mutanen tudu ne. Abin da muka sani shi ne baƙar ƙasa mai danƙo, da dawa, da riɗi, da kallon sama idan hadari ya haɗu. Ruwan da yawancinmu muka fara shiga muna yara shi ne na hafir, ko kuwa na Khor Abu Farga idan ya kawo da damina. Amma duk da haka da wuya ka sami gidan Bahaushe a wannan gari wanda ba shi da wata alaƙa da teku. Kakanninmu da suka baro Kano da Katsina da Sakkwato a ƙafa, ba noman riɗi ne ya fito da su ba. Niyyarsu Makka ce, kuma tsakaninsu da Makka akwai Bahar Maliya. Har gobe muna da 'yan'uwa a Bur Sudan da Sawakin, sa'an nan tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 mutanenmu da yawa suka bi hanyar Kasala, tafiyar kusan kilomita 800, suka je suka ga teku karo na farko a rayuwarsu.

Abin da ya jawo wannan bayani kuwa shi ne tambayar da samarinmu suka riƙa yi bayan wasannin Olamfik na 2024. Sun gani a wayoyinsu yadda wasu mutane suke tsayawa a kan wani siririn allo, suna gudu a cikin raƙumin ruwan da ya naɗe kamar tabarma, a wani wuri da ake kira Teahupo'o a tsibirin Tahiti. Da suka ji an ce dutsen murjani ne yake tayar da wannan raƙumi, sai suka ce ai mu ma muna da murjani, ko akwai irinsa a Bur Sudan? Amsar ita ce babu. To, amma dalilin da ya sa babu ɗin ya fi amsar amfani, domin abubuwa uku da masu wannan wasa suke nazari, watau raƙumin ruwa, da iska, da cika da janyewar teku, su ne dai abubuwan da ran ɗan'uwanmu yake rataye a kansu duk ranar da ya shiga ruwa ko jirgi a gaɓarmu.

YADDA RAƘUMI YAKE TASHI

Iska ce uwar raƙumin ruwa. Girmansa ya dogara ne a kan ƙarfin iskar, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana hurawa, da faɗin ruwan da ta samu ta hura a kai. Raƙumin da ake hawa a Tahiti ba a can aka haife shi ba. Guguwa ce take tayar da shi a tekunan kudancin duniya, ya yi kwanaki yana tafiya dubban kilomitoci, ya daidaita a hanya, har ya iso a jere, tsakanin ɗaya da ɗaya sakan 14 ko fiye. Irin wannan raƙumi ƙarfinsa a ƙasa yake, ba a ganinsa sosai a cikin zurfi.

Idan ya iso inda ruwa ya gajarta, sai gindinsa ya rage gudu, kansa ya yi sama, har ya kifa. Masana sun ce yakan karye ne idan zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayinsa. A bakin rairayi, inda ƙasa take hawa sannu a hankali, shi ma a hankali yake zubewa. Amma murjani bango ne: daga zurfi mai yawa sai a tarar da dutse kusa da saman ruwa, saboda haka raƙumin yakan miƙe farat ɗaya ya naɗe. Wannan shi ne abin da masu wasan suke nema a Tahiti da Hawai ta ƙasar Amurka, kuma shi ne yake karya musu ƙashi, wani lokaci har ya ci rai.

Ba kowace rana suke shiga ba. Suna son iskar da take fitowa daga tudu zuwa teku, domin ita ce take gyara fuskar raƙumin ta yi sumul. Wadda take fitowa daga teku dagula shi take yi. Suna kuma duba cikar ruwa, domin idan teku ya janye, abin da yake tsakanin mutum da dutse mai kaifi bai wuce kamu biyu ko uku ba. Ko a Afirka ta yamma, a tsibirin Ngor na Dakar da Tarkwa Bay ta Legas, inda samarin Afirka suke wannan wasa, babu mai hankalin da yake shiga bai tsaya ya karanci ruwa ba.

ME YA SA BA MU DA IRINSA?

Bahar Maliya doguwa ce amma siririya. Tsawonta ya kai kilomita 2,000, faɗinta kuwa inda ya fi yawa kilomita 355 ne, kuma ƙofarta ta kudu, Babul Mandab, ba ta wuce kilomita 30 ba. Manyan raƙuman tekun Indiya ba su da hanyar shigowa su iso mana da ƙarfinsu. Raƙumin da muke da shi ɗan gida ne, iskar yau ko ta jiya ce ta haife shi. Gajere ne, mai tsini, yana zuwa a guje, sakan 5 ko 6 tsakanin ɗaya da ɗaya. Ba ya hawuwa, amma ya iya wahalar da ƙaramin jirgi, domin kafin jirgin ya miƙe daga dukan farko na biyu ya iso. Idan iska ta yi ƙarfi yakan kai mita 2 ko 3 a tsakiyar teku.

Bugu da ƙari, gaɓarmu tana da katanga biyu. Akwai murjanin da yake manne da bakin teku, sa'an nan akwai wani jeri can waje, tsakaninsu kuma da hanyar ruwa mai zurfi. Mutanen gaɓa suna kiran wannan dutse sha'ab. A kan na waje ne raƙumi yake fasa ƙarfinsa, shi ya sa baƙo yakan tsaya a bakin ruwa ya ga teku kwance kamar tafki, ya ɗauka ba shi da faɗa. Wanda ya je Sanganeb, murjanin da yake tsaye shi kaɗai kimanin kilomita 25 daga gaɓa, mai doguwar hasumiyar fitila, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2016, shi zai ba da labarin farin kumfan da yake tashi a gefen da iska take duka.

ISKOKIN GAƁARMU

A Bur Sudan da arewacinta, iskar arewa ce take mulki kusan duk shekara, kuma ta fi ƙarfi a lokacin sanyi. A kudancin teku kuwa, da hunturu iska daga kudu take fitowa, sai su biyun su haɗu a wajajen Tokar. A wannan lokaci ne gaɓa take samun ɗan ruwan samanta, wajen Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da mu a Gadarif muke fama da girbi da sussuka.

Lokacin da muke cikin damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, gaɓa tana cikin tsananin zafi, kuma a nan ne wata iska take ɓullowa ta wani giɓi da yake tsakanin duwatsun Tokar. Daga tudu take fitowa ta faɗa teku, ɗauke da ƙura irin ta habub, har a kasa ganin abin da yake gaban jirgi. Wannan ita ce irin iskar da masu hawan raƙumi suke murna da ita a ƙasashensu, amma ga mai ƙaramin kwalekwale, ko yaron da ya hau tayar mota yana wasa, ita ce mafi sharri. Bakin ruwa yakan yi lif, alhali tana tura mutum waje, kuma duk yadda ya yi nisa haka take ƙara ƙarfi.

Ko a rana ɗaya ma iska tana da lokaci. Da asuba galibi teku a kwance yake, da hantsi ta fara motsi, daga azahar zuwa la'asar ta kai ƙarshen ƙarfinta. Masu sambuk, jiragen katakon da suka tsallakar da kakanninmu Jidda, sun san wannan tun fil azal. Idan suna bin gaɓa sukan tashi da sassafe, su bi tsakanin katangun nan biyu, su shiga wata marsa, watau mashigar da ta tsaga murjani, tun rana ba ta karkata ba. Dalilinsu shi ne da ido ake karanta murjani: ruwa shuɗi mai duhu zurfi ne, kore ya fara gajarta, ruwan ƙasa ko rawaya dutse ne. Ba a ganin waɗannan launuka sai rana tana sama ko tana bayan mutum. Da yake gaɓarmu a yamma take, wanda ya makara har bayan la'asar rana za ta dake shi a ido, ruwa ya koma madubi, ya shiga mashiga a makance.

CIKA DA JANYEWA

A yawancin tekunan duniya ruwa yana cika ya janye sau biyu a yini da dare, saboda jan da wata da rana suke yi masa, kuma abin ya fi yawa a farkon wata da daren sha huɗu. A Bahar Maliya ruwan yana lilo ne kamar na cikin kwarya idan an karkata ta: gefe da gefe suna hawa da sauka, tsakiya tana nan. A bakin arewa da na kudu bambancin yakan kai rabin mita zuwa kusan mita guda, amma Bur Sudan da Jidda a tsakiyar kwaryar suke, bambancinsu 'yan santimita ne kawai.

Kada wannan ya ruɗe mu. Abin da wata bai yi ba, iska da yanayi suna yi. Da hunturu ruwan gaɓarmu yakan fi na lokacin zafi tsayi da kimanin rabin mita, kuma iskar kwana biyu tana iya ɗaga shi ko ta sauke shi. Inda kwalekwale ya wuce lafiya a Janairu, a Agusta yana iya zama a kan dutse.

Haɗari mafi girma ga mai iyo yana bakin giɓi. Duk ruwan da raƙumi ya watso bisa murjani dole ya koma teku, kuma ta giɓin yake komawa, da gudu kamar kwari ya kawo. Wurin yakan yi duhu, babu kumfa, ya fi ko'ina kyan gani, shi ya sa baƙo yake zaɓarsa. Wanda ya iya iyo a hafir yakan juyo ya yi kokawa da ruwan har ƙarfinsa ya ƙare. Ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne.

ABIN DA TARIHI YA NUNA

Da murjani aka gina gidajen tsohuwar Sawakin, kuma murjani ne ya rage mata daraja. Mashigarta ta yi wa manyan jirage ƙunci, shi ya sa Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a Marsa Shaikh Bargut a 1905, aka buɗe tashar a 1909. Sai a 1991 aka buɗe tashar Usman Digna, jiragen fasinja zuwa Jidda suka dawo Sawakin.

A watan Disamba na wannan shekara ta 1991, jirgin Salem Express ya taso daga Jidda cike da fasinjoji, ciki har da masu dawowa daga ibada. Cikin dare da iska mai ƙarfi ya bi gajeriyar hanya kusa da Safaga ta ƙasar Masar, ya daki murjani, ya nutse cikin 'yan mintoci. Fiye da mutum 460 suka rasu. A watan Yuli na 2011 kuma wani jirgin masu tsallakar da mutane ta ɓarauniyar hanya ya kama wuta bayan ya bar gaɓar Sudan, aka ba da sanarwar rasuwar mutum 197, kuma rahotanni suka ce har da 'yan Nijeriya da Cadi. Idan babban jirgi mai na'urori bai tsira daga murjani da dare ba, ina ga sambuk ɗin da aka cika maƙil, wanda yake tashi cikin duhu da gangan don kada a gan shi?

SHAWARARMU GA 'YAN'UWA

Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya je gaɓa ya nemi masunci ɗan wurin ya tambaye shi ina iska take fitowa yau, kuma ina giɓin yake. Kada a bar yara su shiga ruwa idan iska tana kaɗawa daga tudu. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi: ya kwanta rigingine, gishirin wannan teku ya fi na yawancin tekuna, zai taimaka wajen ɗaga shi, ya ɗaga hannu a gan shi, sa'an nan ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan ruwan. Kada a taka murjani babu takalmi, domin akwai ƙayoyi, akwai kuma wani kifi mai kama da dutse, mai mugun dafi a bayansa. Wanda ya soka, a tsoma ƙafar a ruwan zafi daidai yadda fata za ta iya jurewa, a garzaya asibiti. Yankan murjani komai ƙanƙantarsa a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, domin yana saurin ruɓewa.

Ga iyaye kuma, idan yaro ya zo da zancen wani mai jirgi da zai kai shi Saudiyya cikin dare a kan kuɗi kaɗan, a zaunar da shi a karanta masa wannan shafi. Kakanninmu sun yi shekaru a hanya, sun yi noma a Gadarif da Jazira don tara guzuri, sa'an nan da suka isa Sawakin suka ƙara haƙuri har jirgi da iska suka yi daidai. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyaye mana matafiyanmu na tudu da na ruwa, amin.