Yawon Buɗe Ido A Luksamburg, Ƙasar Da Ake Shiga Mota Kyauta

Luksamburg wata 'yar ƙaramar ƙasa ce a Turai. Tana tsakanin ƙasashe uku: Faransa da Jamus da Beljiyam. Tsawonta kilomita 82 ne, fāɗinta kilomita 57. Jihar Legas ma ta fi ta girma. Babban birninta shi ma sunansa Luksamburg. Kuɗin da ake kashewa can sunansa Yuro.

Ƙasar masu arziki ce, kuma kaya suna da tsada. Duk da haka mai ƙaramin ƙarfi zai iya zagaya ta, in ya yi shiri tun daga gida.

Babban sauƙin shi ne kuɗin mota. Tun shekarar 2020 gwamnatin ƙasar ta soke kuɗin shiga bas da jirgin ƙasa. Ɗan ƙasa da baƙo duk ɗaya ne. Mutum zai shiga ya zauna, ba kwandasta mai cewa kawo kuɗi. Amma ɓangaren manya na jirgin ƙasa ana biya. Haka kuma da an ƙetare iyakar ƙasar, kyauta ta ƙare.

To, ina kuɗin ke tafiya? Wuri uku ne: biza, jirgin sama, da masauki.

Bizar da ake nema sunanta Shengen. Wannan suna na wani ƙauye ne a cikin Luksamburg ɗin. A nan ne wasu ƙasashen Turai suka sa hannu a 1985, suka yarda a riƙa ratsa iyakokinsu ba bincike. A 2024 aka mai da kuɗin wannan biza Yuro 90 ga babban mutum. Ana neman fasfo, da shaidar masauki, da takardar banki, da inshorar lafiya. A ƙasashe da yawa ofishin jakadancin Beljiyam ne ke duba takardun a madadin Luksamburg.

A nan sai a yi hattara. In aka hana mutum biza, ba a mayar masa da kuɗinsa. Don haka mai dabara ba ya sayen tikitin jirgi sai biza ta fito. Duk dillalin da ya rantse zai samo biza ko ta halin ƙaƙa, maƙaryaci ne, domin ba shi ke bayarwa ba. Kuma wannan biza ta ziyara ce, ba ta neman aiki ba. Ba ta wuce kwana 90. Wanda ya zarce kwanakin da aka ba shi, ana iya kamo shi a koro shi, a hana shi komawa. Bai kamata magidanci ya sayar da gona ko shanun huɗa don wannan tafiya ba.

Tikitin jirgi ya fi araha in an saya da wuri. Wasu sukan sauka a Burasel, babban birnin Beljiyam, su ƙarasa a jirgin ƙasa. Tafiyar kamar awa uku ce.

Otal a babban birni yana da tsada ƙwarai. Amma akwai gidajen baƙi masu rahusa, inda mutum huɗu ko shida ke kwana ɗaki ɗaya. Tun da mota kyauta ce, baƙo zai iya kama masauki a ƙaramin gari, ya riƙa shigowa birni da safe. Abinci kuwa, gara a sayi burodi da madara da 'ya'yan itace a kanti. Ruwan famfonsu mai kyau ne, gora kawai za a riƙe. Wanda ba ya cin naman alade ya riƙa tambaya kafin ya saya, don suna sa shi a abinci da yawa.

Abin kallo mafi yawa ba a biya. Tsohon birnin yana kan dutse, kwari mai zurfi ya kewaye shi. An kafa shi a shekarar 963. Mutum zai bi ta kan tsohuwar ganuwa ya hangi gidaje da rafi can ƙasa. Akwai fadar sarkin ƙasar a tsakiyar gari, ana kallonta daga waje. A ƙarƙashin dutsen akwai dogayen ramuka da sojoji suka fara haƙawa a 1644 don tsaron gari. Shiga cikinsu ana biyan kuɗi. Can arewa akwai garin Biyanden mai tsohuwar fada a kan tudu. Zuwa garin kyauta ne, shiga fadar ne ake biya.

Kwana uku ko huɗu sun isa a ga duk waɗannan. Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga watan Mayu zuwa Satumba. A Disamba da Janairu sanyin can ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba, a Disamba kuma rana tana fāɗuwa tun kafin ƙarfe biyar. Ko a watannin zafi a tafi da rigar sanyi da laima, don ruwan sama a can ba ya jiran damina.