Tiyatar gyaran dashen nono

Tiyatar gyaran dashen nono aiki ne da likitoci ke sake yi wa macen da aka taɓa sanya wa jakar silikon ko ta ruwan gishiri a ƙirji, ko dai don ƙara girman nono, ko don sake gina shi bayan an cire shi saboda ciwon daji. An fara sanya jakar silikon a birnin Houston na Amurka a 1962. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa dashen ba na har abada ba ne, kuma yawan shekarunsa a jiki yana ƙara yiwuwar komawa ɗakin tiyata.

Dalilai

Jiki yakan kewaye duk baƙon abu da tantanin tabo. Wani lokaci tantanin yakan yi kauri ya matse jakar, sai nono ya yi tauri, ya karkace, ya riƙa ciwo. Wannan ya fi samun matan da aka yi wa gashin cutar daji.

Jakar kuma tana iya fashewa. Ta ruwan gishiri takan sace nan da nan, jiki ya shanye ruwan. Ta silikon kuwa tana iya ɗaukar shekaru a fashe ba tare da wata alama ba, shi ya sa FDA ke ba da shawarar ɗaukar hoton ƙirji bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Akwai kuma laifin masana'anta. A 2010 aka gano kamfanin PIP na Faransa yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, wanda ba a amince a sa a jikin mutum ba, dubban mata suka koma aka cire musu. A 2019 kamfanin Allergan ya janye jakunkunansa masu kaushin baya bayan an danganta su da wani nau'in dajin garkuwar jiki da ba kasafai ake samunsa ba.

Yadda ake aikin

Aiki na biyu ya kan fi na farko wuya, domin fata ta riga ta yi laushi, ga kuma tsohon tabo. Likita yakan cire jakar da tantaninta, ya sa sabuwa, ko ya bar wurin haka idan mace ta zaɓa. Ga wadda gashi ya lalata wa fata, akan ɗebo fata da kitse daga mararta a gina nono, a ɗinke ƙananan jijiyoyin jini ƙarƙashin madubin likita. Aikin yana cin sa'o'i masu yawa, jinyarsa ma ta fi tsawo.